Jan Biro a Ajin Gareji

Maman Biyu tela ce. Shagonta yana bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa. Keken ɗinki biyu gare ta, na ƙafa da na wuta, amma na wutar ya daɗe da zama wurin ajiye almakashi da zare saboda halin lantarkin unguwar. Mijinta direban babbar mota ne, yakan yi makonni a hanya, don haka ita ce uwa ita ce uba ga tagwayensu.

Macen ana ce mata Aku, don tun kafin ta yi haƙori bakinta bai huta ba. Namijin kuwa kakarsu ce ta sa masa Na-Baya, saboda sai da aka gama yi wa 'yar'uwarsa wanka sannan ya ga dama ya fito duniya. Haka suka taso, ita tana gaba tana zuba, shi yana biye da ita riƙe da jakunkunansu biyu. In aka yi masa tambaya ita ke amsawa, shi kuma ya gyaɗa kai.

A ƙarshen shekararsu ta farko a sakandaren unguwa aka yi jarrabawa, aka raba yara gida uku. Aku ta faɗa ajin A, Na-Baya ya faɗa C. Maman Biyu ba ta ɗauki abin da zafi ba. Ta ce yatsun hannu ma ba daidai suke ba, kuma ai makaranta ɗaya ce, malamai ɗaya. Da ta ji yara suna kiran ajin C da suna Gareji, wai nan ake ajiye motocin da suka ƙi tashi, har dariya ta yi.

Wata rana da yamma Na-Baya ya dawo shago shi kaɗai, Aku ta tsaya atisayen muhawara. Maman Biyu tana tsakiyar haɗa wuyan wata riga, allurai a bakinta, sai wayarta ta yi ƙara. Ta nuna masa da haɓa ya duba mata saƙon. Yaron ya ɗauki wayar ya daɗe yana kallo. Da farko ya ce hasken rana ya hana shi gani. Da ya koma inuwa, sai ya ce wai wata ce take gaishe ta.

Ta zare alluran ta karɓi wayar. Mai kaya ce take cewa tafiya ta kama ta gobe da sassafe, a taimaka a gama mata ɗinkinta yau. Ko kalmar gaisuwa babu a ciki.

Maman Biyu firamare kawai ta gama, amma ta san abin da ta gani. Ta jawo kalandar da ke jikin bango, ta ɗora yatsa a kan wani layi ta ce ya karanta. Na-Baya ya kira harafin farko, ya kira na biyu, ya tsaya. Bai yi kuka mai sauti ba, hawaye ne kawai suka rinƙa sauka a kan rigar makarantarsa. Shekararsa goma sha uku.

Da Aku ta dawo aka titsiye ta, ba ta yi musu ba. Tun firamare benci ɗaya suke zama, ita ke raɗa masa amsa, ita ke yi masa aikin gida da hannun hagu don kar a gane rubutunta. Ta ce ba ta son a yi masa dariya ne. Uwar ta rasa wanda za ta yi wa faɗa, ta koma kan kekenta tana taka shi da ƙarfin da bai kamata ba, har zare ya tsinke.

Washegari ta rufe shago ta nufi makarantar. Ba ta taɓa wuce ofishin shugaba ba, sai ranar. Ajin A yana saman bene kusa da ofis, da fanka da tagogin gilashi. Gareji kuwa sai da ta zagaya bayan banɗaki ta same shi, tsohon sito ne da aka zuba wa benci. Tagoginsa babu ko marfi, rana ta shigo ta kwanta a kan allo, ko an yi rubutu ba mai gani. Babu malami a ciki. Wasu samari suna kiɗa a kan tebur, wata yarinya tana tsaye a gaba da sanda tana ta roƙon a yi shiru. Ta hango ɗanta can ƙarshe ya kifa kai.

Mutum ɗaya ta sani a makarantar, ita ma a bakin Aku: malamar Turanci, wadda yara ke kira Malama Jan Biro saboda ba a taɓa karɓar littafi daga hannunta babu jan rubutu tun daga sama har ƙasa ba. Ita ke riƙe da ajin A shekara da shekaru, kuma yaranta ne suka ciyo kofunan muhawarar da ke jere a ofishin shugaba. Maman Biyu ta zaci za ta ga wata ƙatuwar mace mai tsawa. Sai ga 'yar gajeruwar dattijuwa, takalminta a shafe, muryarta sai ka matso kake ji.

Bayan gaisuwa ta faɗi abin da ya kawo ta. A taimaka a mayar da ɗanta A, kusa da 'yar'uwarsa, a hannun Malama. Ta faɗi labarin wayar da na kalandar, ba ta ɓoye komai ba.

Malamar ta juya biro a hannu. Ta tambayi ko yaron yana ji sosai, ko yana gani sosai, ko ya taɓa doguwar jinya. Daga nan ta ɗauki wani littafi ta ce su je.

A gindin bishiyar da ke gaban Gareji ta ajiye kujera. Ta rinƙa kiran yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo ya tsaya kusa da ita inda ba mai jin su, ta buɗe shafi ta ba shi. Maman Biyu tana nesa tana kallo. Wani ya ɗan jima, wani ko minti bai yi ba ya juya yana sosa ƙeya. Har aka kaɗa ƙararrawar tara ba ta gama ba, kuma ba ta tashi ba. Da na ƙarshe ya wuce, ta rufe littafin ta yafito Maman Biyu.

"Maman Biyu, ba zan mayar da ɗanki A ba," in ji ta.

"Malama, ki dubi Allah."

"Shi nake duba. Fiye da rabin ajin nan haka suke. Naki ya samu uwar da ta zo. In na ɗauke shi, sauran wa zai zo musu?"

Maman Biyu ta dawo shago ranta a ɓace. Ta gaya wa mai katifa cewa masu ilimin nan duk bakinsu ɗaya, sai daɗin magana, ba sa jin tausayin talaka. Ta fara tunanin ko ta cire yaron ta kai shi wurin ƙaninta ya koyi walda.

Ba a yi mako biyu ba Aku ta shigo shago ta jefar da jaka, idanunta jajir. Malama Jan Biro ta bar ajin A, ta koma Gareji. An kawo musu wani sabon malami wanda ke karanto darasi daga littafi kamar mai sanarwa a rediyo.

Sauran labarin a bakin wata malama mai kawo ɗinki Maman Biyu ta ji shi. Ashe a ranar da Maman Biyu ta je makarantar, Malama ta shiga ofishin shugaba ta ce a ba ta ajin C. Shugaba ya zaci wasa take. Da ya ga da gaske ne, ya nuna mata kofunan, ya ce da su ake sanin makarantar, kuma ba a saka gogaggen malami a inda ba a sa ran girbi. Ta ce masa tun zuwanta makarantar, duk malamin da ya iso sabo ko wanda ake fushi da shi ne ake tura wa C, sannan a ƙarshen shekara a ce yaran ne ba su da ƙwaƙwalwa, kuma ita ma da bakinta ta sha faɗin haka. Ta yi ta komawa ofishin kullum da safe har ya gaji ya sa hannu. A ɗakin malamai wasu na cewa laifi ta yi aka hukunta ta, wasu na cewa tsufa ne ya fara taɓa ta.

A gida kuwa sai aka ga abin da ba a taɓa gani ba: Aku ta yi shiru. Ta ci abinci ba magana, ta yi wanke-wanke ba waƙa. Da uwar ta matsa mata, magana ɗaya ta yi.

"Ke kika je kika ɗauke mana ita, Mama."

Maman Biyu ta buɗe baki za ta ce ba haka ta roƙa ba, sai ta fasa. Ta ga babu amfani.

Na-Baya ya fara dawowa da wani littafi a naɗe da tsohuwar jarida. Ran nan yana wanka uwar ta buɗe, ta ga littafin 'yan aji ɗaya na firamare ne, mai manyan haruffa da hoton akuya. Daga baya ta ji cewa kowane yaro a ajin an ba shi littafi daidai ƙarfinsa, kuma Malama da hannunta ta naɗe su duka da jarida iri ɗaya, har na waɗanda suka iya, don kar wani ya san inda wani yake. Malama ta kuma kira Aku gefe ta ce mata daga yau in ta sake taɓa aikin ɗan'uwanta, da ita za su yi.

Da yaron ya ambaci cewa rana tana hana su ganin allo har Malama takan tsaya a bakin taga ta tare ta da jikinta, Maman Biyu ta jawo buhun ƙyallayen da ke ƙarƙashin tebur. Ta harhaɗa su, atamfa da yadi da ragowar shadda, ta yi labule huɗu masu kama da bargon mahaukaci. Ta kai su da kanta, da guduma da ƙusoshi. Malama ta ce ta shigo ta kafa, ba sai an tashi ba.

Tana saman benci tana buga ƙusa a hankali ta ga yadda ake darasin. Dokar ajin ɗaya ce, an rubuta ta a saman allo, Malama kuma ta sa suna karanta ta kullum: ba a yi wa mai ƙoƙari dariya. Wani dogon yaro da gashin baki ya fara fito masa ya miƙe yana haɗa kalma harafi-harafi, gumi na zuba. Ajin ya yi tsit ana jiransa. Da ya kai ƙarshe Malama ba ta yi tafi ba, ta ce kawai, "Haka ne, ci gaba," kamar abin da ta sa rai ke nan tun farko. Yaron ya zauna yana ɓoye murmushi a cikin hannun riga.

Can kusa da tashi ta ɗauko wani littafin labari ta fara karanta musu, labarin wasu yara da jirgin ruwansu ya ɓace a teku. 'Yar muryar nan tata ta canza, ta zama ta matuƙi, ta zama ta iska. Maman Biyu ta manta da gudumar da ke hannunta. Daidai inda wani abu ya bugi ƙasan jirgin, Malama ta rufe baki, ta ajiye littafin a buɗe a kan tebur, ta ce maƙogwaronta ya bushe, ta fita. Kafin ta kai bishiya yara sun yi dafifi a kan teburin, masu ɗan iyawa suna jan kalmomi, marasa iyawa suna cewa a yi sauri. Na-Baya yana cikinsu, har da tura wani da gwiwar hannu.

Littattafan aikinsu ma Maman Biyu ta lura da su. A na Aku, jan biron kuskure yake farauta. A na Na-Baya kuwa abin da ya yi daidai yake bi yana ja wa layi, ko da kalma biyu ce a shafi guda, sannan a ƙasa a rubuta gyara ɗaya tak.

A zangon karatu na gaba aka je gasar muhawara, makarantar ta faɗi tun zagaye na biyu. Aku ce ta yi magana ta ƙarshe, ta dawo ta kulle kanta a ɗaki. Ba a jima ba aka kira taron iyaye da malamai.

Zauren ya cika, amma kusan duk iyayen 'yan A da B ne. Iyayen Gareji suna kasuwa, suna wurin gini, wasu ma takardar gayyatar ba ta isa hannunsu ba. Mai kantin maganin da ke babban titi, wanda ɗansa yake A, ya miƙe, mutum ne mai natsuwa, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ma ɗan talaka ne, makarantar gwamnati ya yi, kuma malami ɗaya ne ya fitar da shi. Ya ce yaran A ba 'ya'yan masu hali ba ne, masu hali suna makarantun kuɗi. Yara ne da suka yi ƙoƙari, kuma ba adalci ba ne a ɗauke musu tsani suna tsakiyar hawa. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Maman Biyu ma ta ji maganar ta shige ta, don ta san wadda ta bari a gida.

Ba ta taɓa magana a taro ba. Ta dai ji ƙafafunta sun miƙar da ita.

"Ni ina da ɗa a kowane ɓangare," ta ce. "Ciki ɗaya, rana ɗaya. Ɗaya tana kuka an ɗauke mata malama. Ɗayan kuwa sai bana ya san yana da malama. Ban san wanda zan ba gaskiya ba. Abin da na gani ke nan."

Ta zauna. Shugaba ya juya ga Malama Jan Biro. Ta miƙe, sai da aka ce a yi shiru kafin a ji ta. Ta ce mai kanti ya faɗi gaskiya, 'yan A sun yi rashi, ba za ta ce ba su yi ba. Amma su sun iya karatu, in aka ba su littafi za su yi tafiya ko ba ita. Na Gareji in suka bar aji uku a haka, sun bar makaranta ke nan har abada. Ta ce za ta rinƙa tsayawa bayan tashi tana yi wa 'yan A darasi wasu ranaku, ba ta neman komai a kai, amma ajin C ba za ta bari ba sai in korarta za a yi.

A haka aka tashi, ba wanda ya gamsu sosai. Mai kantin magani ya gaishe ta da girmamawa a bakin ƙofa, kuma da aka koma hutu ya mayar da ɗansa wata makaranta.

Aku ta fara zuwa darasin yamma, amma fushinta ya daɗe bai sauka ba. Wata Asabar Maman Biyu tana shanya sai ta ji rigima a ɗaki. Na-Baya ya aro littafin jirgin nan yana fama da shi, Aku kuwa ta gama shi tun bara, ta tsaya a kansa tana barazanar faɗa masa wanda ya mutu a ƙarshe. Shi kuma ya toshe kunnuwa da yatsu yana cewa in ta faɗa sai ya zuba mata ruwa a katifa. Rabon da uwar ta ji ya mayar wa 'yar'uwarsa magana har ta manta. Ta leƙa ta yi musu tsawar da ba ta kai zuci ba, ta koma shanyarta.

Malama ta bi ajin zuwa shekara ta uku. Da sakamakon jarrabawar gama ƙaramar sakandare ya fito, Na-Baya ya haye, ba da wani maki mai faɗi ba, lissafi ma da ƙyar. Babansa yana hanya aka gaya masa a waya, ya sa aka maimaita masa har sau biyu. Aku tana cikin na gaba-gaba, ko da yake ba ita ce ta ɗaya ba, kuma har yau takan ce da an bar musu malamarsu da ta yi. 'Yan Gareji da suka ci sun fi na kowace shekara yawa, amma da dama sun faɗi. Kyautar gwarzon malami ta shekarar, malamin lissafin ajin A aka ba.

Ana cikin hutu Malama Jan Biro ta zo shagon da rana, da yadi a leda, ɗiyar ƙanwarta za ta yi aure. Maman Biyu ta rasa inda za ta ajiye ta. Ta share benci, ta aika a sayo ruwa mai sanyi, ta fara jero godiya. Malamar ta katse ta da tambayar ko ta san gidan wani dogon yaro da ke ajinsu Na-Baya, wanda ya daina zuwa ana saura kaɗan a yi jarrabawa. An ce yana bin motar yashi. Ya riga ya fara karanta shafi guda ba tsayawa, in ji ta, kuma ta je unguwarsu sau da yawa ba ta same shi ba. Maman Biyu ta ce za ta sa mijinta ya tambaya a tasha.

Da ta zagaya ta da tef tana awo, ta ga yadda matar ta zube, kafaɗa duk ƙashi. Ta ce Malama ta ɗan zauna, za ta yanka yadin a gabanta don ta ga fasalin wuyan.

Malama ta zauna a benci ta jingina da bango, tana bayanin cewa shugaba ya yarda shekara mai zuwa kowane babban malami zai ɗauki darasi ɗaya a C, in dai bai canza magana ba. Maman Biyu tana yanka tana amsawa. Can ta yi tambaya ta ji shiru. Da ta waiwaya, Malama ta yi barci, jakarta a kan cinya, bakinta a ɗan buɗe.

Maman Biyu ta ajiye almakashi a hankali. Ta leƙa wurin mai gyaran waya ta roƙe shi ya rage rediyonsa. Wata mai karɓar kaya ta iso, ta tare ta a bakin ƙofa ta ce ta dawo bayan la'asar. Sannan ta jawo kujera ta zauna, ta ɗauki allurar hannu ta fara sa wa wata riga maɓallai.